Abin da Malam Haladu Ya Rataye a Saman Allo

Malam Haladu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a ƙofar gidan da nake haya a Bagwai ina fama da babur ya ƙi tashi. Firinsifal ɗinmu ne ya kira. Ya ce, "Nura, kada ka wuce makaranta, ka biyo ta gidan Malam Haladu." Na ce lafiya dai? Ya ce, "Lokaci ya yi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Ciwon kwana biyar ne, zazzaɓi da ya sauka a ƙirji. Ban je duba shi ba. An ce mini da sauƙi, ni kuma na karɓi maganar saboda ta yi mini daidai. Wannan ya rage tsakanina da kaina.

Ban iya dogon yabo ba, shi ma ba ya so. Labari ɗaya zan ba ku, na allon makarantarmu da abin da ke rataye a samansa.

Ga wanda bai san shi ba, malamin aikin gona ne a ƙaramar sakandaren da nake koyarwa, a wani ƙauye bayan Bagwai, inda gonar wannan take jingine da ta wancan, ba ka samun wurin juya amalanke ba tare da ka taka kunyar wani ba. Saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya. Ni kuwa ɗan birni ne, gidanmu mahauta ne kaka da kakanni. Ranar da aka turo ni, iyakar abin da na sani game da gero shi ne fura.

Shi ya fara ba ni kujera a ofishin malamai, tasa, mai ƙafa huɗu cif, ya koma kan benci. Shi ya raka ni gaida mai gari, ya taka mini ƙafa a hankali lokacin da na nufi shimfiɗa da takalmi. Duk ranar kasuwa sai in tarar da ƙullin dafaffen rogo da garin ƙuli a kan teburina. In na yi godiya ya ce, "Ci dai. Ramar nan taka tana zubar mana da mutunci, kada a ce ƙauye ya ƙarar da ɗan mahauta."

Tun da allon ya zo bai sake kirana da sunana ba. Injiniya yake ce mini, kuma yadda yake jan kalmar ka san ba girmamawa ce zalla ba.

Shekara biyu ke nan da wata ƙungiya ta kawo mana shi. Farin allo ne irin wanda ake taɓawa da yatsa ko da alƙalaminsa marar tawada, rubutu ya fito, hoto ya motsa. Akwai majigi a sama, an ɗaure ƙarfensa a jikin katakon rufi ta cikin silin, shi yake haska abin da ke kwamfuta a kan allon. Mutanen gari suka sa masa suna allo mai wuta.

Kafin a kafa shi sai da aka gyara aji guda. Ƙofar ƙarfe, raga a taga da kowace kafa saboda ɓera yana cin waya, ramukan iska a saman bango saboda majigi ba ya son zafi. Sola kuma aka ɗora a rufin ofis, don ajin yana ƙarƙashin inuwar darbejiya biyu. A duk garin babu ɗakin da ya kai shi sanyi da tsaro, har da na mai gari.

Mukulli biyu aka yi. Ɗaya a hannuna, don ni aka tura bitar kwana uku a Kano na dawo da satifiket da girman kai. Ɗaya a hannun Malam Haladu, don shi ne babba kuma gidansa ne mafi kusa.

Matsalolin farko ƙanana ne. Wani malami ya ɗauki alƙalamin maka irin wanda ba ya gogewa ya rubuta kwanan wata a kusurwa, sai da na bi rubutun da makar farin allo na goge tun da ɗanyensa sannan ya fita. Wata rana allon ya daina jin taɓawa gaba ɗaya, na kwashe awa guda ina tonon kwamfuta, ashe ɗalibar da ta yi shara ce ta fizge waya da tsintsiya. Yara kuwa sai da aka yi sati biyu kafin su yarda wutar ba ta jan mutum.

Malam ya karɓi allon fiye da yadda na zata. Bai taɓa yarda ya koyi adana darasi ba, ya ce abin da ba a gogewa ba allo ba ne. Amma yana son in buɗo masa hoton ƙuduji ko tsutsar masara, ya ja shi da yatsu biyu ya yi girma, ya zagaye shi da jan layi, ya ce wa yara, "Ga ɓarawon gonar ubanku nan, ku kalle shi da kyau."

Abin da ya tsana a duniya gaurayen iri ne. In muka wuce gonar da gero ya fito wani dogo wani gajere, sai ya girgiza kai ya ce mai ita sharar kasuwa ya shuka. Nasa geron ɗan wuri ne, ya gaje shi wajen mahaifinsa, duk kaka da hannunsa yake zaɓar zangarniya ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya kuke buƙatar sani game da irin wannan allo. In majigi ya motsa ko kaɗan, inda ka taɓa daban, inda rubutu zai fito daban. Maganinsa saiti. Ka danna wani wuri, jajayen ɗigo tara su fito ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa tsakiyar kowanne. Aikin minti ɗaya ne. A bita an ce mana sau ɗaya a zango ya isa.

Namu, da kaka ta shigo, sai ya koma kusan kullum.

Ka taɓa nan, rubutu ya fito ƙasa da yatsa biyu. In yi saiti ran Litinin, ran Laraba ya sake zamewa. Na sauya waya. Na cire manhajar na sake sakawa. Na hau tebur na ɗaure kusoshin majigi har sai da sukundireba ta ci mini tafin hannu. Na kira mai gyaran ƙungiyar a Kano, ya ce in kashe in kunna, kamar ban taɓa jin wannan hikimar ba. Na rubuta rahoto na ɗaya, na rubuta na biyu. Ƙa'idarsu kuwa, in rahoton matsala ɗaya ya kai uku za su turo mai bincike, in ya ga sakacin makaranta ne a kwance allon a kai wani gari.

Sai kawai abin ya daina. Kullum in zo da safe in tarar da shi daidai. Na ɗauka ɗaurin kusoshin nan ne ya yi aiki, har na shiga gurup ɗin malamai na yi bayani dalla-dalla yadda na gano bakin zaren, aka yi ta turo mini jinjina.

Bayan wata guda majigi ya fara mutuwa da kansa ana tsakiyar darasi, jar fitila tana ƙiftawa. Wannan na san shi, zafi ne, matatar iskarsa ta toshe. Na ciro ta na kaɗe a tafin hannu. Wani abu ya zubo mai laushi, ruwan ƙasa, wanda ya sa na yini ina susa har wuya. Na kai wa Malam ragowar. Ya duba, ya hure shi daga hannuna, ya ce, "Ƙaiƙayi ne." Na ce me ya kai ƙaiƙayin hatsi cikin majigi? Sai ya ce, "Gobe ka zo da wuri, Injiniya. Ka sa tsohuwar riga."

Washegari tun kafin yara su fara zuwa na same shi a ajin, allo a kunne, yana bin ɗigon nan tara da alƙalami a natse. Bai ko juyo ba. Ya ce ta taga ya koya, yana kallona. "Ba wuya. Kamar shuka ce, rami bayan rami, kada dai ka tsallake." Ashe wata guda ke nan yana riga ni zuwa yana gyara allon, ni kuma ina karɓar jinjina a gurup.

Ya ɗora kujera a kan tebur, ya ture 'yar ƙofar silin da sanda, ya ce in leƙa.

Na haska da fitilar waya. Zangarniyar gero ce da ta dawa ɗaure-ɗaure, a rataye reras a jikin katako. Jarkokin wake a toshe. Ƙananan buhunan gyada. Kowane ƙunshi da ƙyallensa, wani yankin atamfa, wani bakin rawani, wani hannun tsohuwar riga. Katakon da ya fi ɗaukar kaya shi ne wanda majigina yake maƙale a jikinsa, har ya ɗan rusuna.

Na sauko na dube shi.

Ya ce, "Irin shukar mutane ne."

Kun dai san shekarun nan, ba sai na ba ku labari ba. Mai ya tashi, taki ya gagara, kwanon hatsi ya kai inda magidanci yake tambayar farashi da murya ƙasa-ƙasa. Malam ya ce a bazarar da ta gabata ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo, gidaje sun cinye irinsu kafin ruwa. Kuma ba sakaci ba ne. In iri yana rumbu, yara suna kuka, mai ɗakinka tana kallonka, hannunka zai kai. Ruwa ya sauka, mutum yana da gona yana da fartanya, ba shi da abin sakawa a rami.

"Wanda ya ci iri ya ci baɗi," in ji shi. "Kuma ba ya ƙoshi."

Shi ne da ya ga an gina ɗakin da ɓera ba ya shiga, zafi ba ya damunsa, mukulli kuma yana aljihunsa, ya ce ai wannan rumbu ne aka yi wa allo. Sharaɗi ɗaya ya sa. Duk wanda ya kawo sai ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu biyu: ko na zo ina kuka kada a ba ni, sai ruwan shuka ya sauka. Ruwan shuka kuma ba yayyafi ba, sai Malam ya tona ƙasa laima ta kai masa wuyan hannu.

Na ce, "Malam, kayan ƙungiya ne fa. In suka zo suka ga wannan kwance allon za su yi, kuma sunana ne a takarda."

Ya ce, "Gaskiyarka. Saura rahoto ɗaya. Ga biro."

Da gaske ya ciro biron daga aljihu ya miƙo mini.

Ban rubuta ba. Ba zan ce tausayi ba ne, don a lokacin yunwar da yake magana a kai a baki kawai na san ta. Kunya ce, ta wata gudan nan da ya yi yana rufa mini asiri.

Muka yi abin da za mu iya. Jarkokin muka mayar kan bango don katakon ya huta. Na yanko tsohon gidan sauro na toshe ramin da ƙarfen majigi ya bi, na koma wanke matata duk Juma'a. Duk da haka in aka ƙara ƙunshi ɗaya sai allon ya nuna. Saiti ya zama gaisuwarmu ta safe, wanda ya riga zuwa shi zai yi. Sannu a hankali na iya karanta shi. In rubutu ya fito ƙasa da yatsana, an ƙara kaya. In ya fito sama, an sauke.

Sau ɗaya ƙungiyar ta turo mai zagaye ba sanarwa. Ya ja layi ya ga daidai, ya ciro matata ya ɗaga ta a haske, ya ce duk makarantun da ya bi bai ga mai tsabtar tamu ba, mene ne sirrin? Malam ya ce, "Injiniya ne, ba ya wasa da Juma'a." Mutumin ya rubuta wannan a littafinsa, yana tsaye daidai ƙarƙashin irin rabin gari. Ni dai ƙasa nake kallo har ya hau mota.

Shekarar farko lafiya lau aka gama. Ruwa ya sauka wata Asabar, Lahadi da safe Malam ya tona ƙasa, ya buɗe ƙofa, kowa ya zo ya nuna ƙyallensa. Babu takarda, babu gardama. Ran Litinin rubutu ya tashi sama kusan taƙi guda, yara suka yi ta dariya. Na yi saiti sau ɗaya, bai sake motsi ba har kaka.

Bana ce ta zo da wuya. Masu kawowa sun ƙaru, ƙunshin kowa ya ƙanƙance. Bazara kuma ta yi tsawo. Tun kafin ta raba mutane suka fara zuwa. Ba sa shigowa, sai su tsaya gindin darbejiya su aika a kira Malam.

A nan na ga wani Malam Haladun da ban sani ba. Mutumin da yake ajiye mini rogo, sai ga shi yana kallon dattijo ido cikin ido yana cewa a'a. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma tsayawa dogon ban haƙuri.

Akwai Mati, manomi ne a bayan makaranta, 'yarsa tana ajinmu na biyu. Sau uku yana zuwa. Na ukun Litinin ce ta makon jiya, ina cikin aji ina haɗa waya, taga a buɗe, na ji komai.

Mati ya ce, "Malam, ba roƙo na zo ba. Kayana ne."

"Kayanka ne."

"To a ba ni. Kwana biyu ke nan ba a hura wuta a gidana ba."

"Bakinka ne ya ce kada in ba ka, Mati. Liman yana wurin."

"Bakin da ya faɗa a ƙoshe yake."

Mati ya jira, ya jira, sannan ya ce Allah ya isa tsakaninsa da shi, ya juya.

Na fito raina a ɓace. Na ce, "Malam, wannan ya wuce riƙon amana, taurin kai ne. Mutum da kayansa." Ya dube ni ya ce, "Injiniya, je ka kunna allonka, yara na jira."

Na yi fushi da shi sosai. Kwana uku gaisuwa kawai take haɗa mu. Rogon da ya ajiye mini ran kasuwa ma na bar shi a kan tebur har aka tashi.

Ran Alhamis na riga shi zuwa. Na kunna allo na ja layi, layin ya fito sama da yatsana. An sauke kaya, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji. Na ce yau na kama mai tsaurin nan dumu-dumu.

Na same shi gindin darbejiya yana gyaran sarƙar kekensa. Na ce, "Malam, allo ya tona maka asiri."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Na'urar nan gulma gare ta."

"Na Mati ka sauke?"

"Na Mati yana inda yake."

"To na wa?"

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ɗigo tara ne, Injiniya, ba su da yawa. Je ka bi su." Na juya zan tafi ya ƙara da cewa, "Batirin rimot ɗin nan ya yi sanyi, jiya sai da na matsa kusa. Ka sauya kafin ya ba ka kunya a gaban yara."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan, batirin rimot. Ran Juma'a bai zo ba.

Yau a maƙabarta Mati ne a cikin rami tun daga farkon haƙa, an yi an yi ya fito a karɓe shi ya ƙi.

Da muka dawo gidan, matar Malam, Inna Hajara, ta aiko a kira ni ƙofar ciki. Daga bayan labule ta ce, "Malam Nura, ya ce irinmu yana wajenku a makaranta. In Allah ya sauko da ruwa a ba yaran nan su kawo, kada a bar gonar haka." Na ce, "To, Inna."

Ina fitowa Mati ya ja ni bayan danga, har lokacin da ƙasa a gwiwarsa. Ya ce, "Ran Laraba da yamma ya zo ƙofar gidana da keke, ya sauke ƙunshi biyu, ya ce a yi wa yara tuwo, bai tsaya ba. Na ɗauka nawa ne, har na ce ashe Allah ya isan ta kama shi. Sai da na shiga ciki na ga ƙyallen."

Shuɗi ne, na tsohon kaftanin nan na Malam da duk wanda ya yi makarantarmu ya san shi.

Na ce, "Ka mayar masa?"

Ya ce, "Na san ba nawa ba ne, Malam Nura. Aka sussuke muka ci."

Ya ce ba shi kaɗai ba ne, akwai gida biyu kafin nasa. Waɗannan ban gan su a allo ba, don Malam yana riga ni saiti.

Daga nan makaranta na wuce. Firinsifal ya biyo ni ya ba ni mukullin Malam da aka samu a aljihun rigarsa. Na ga babu sauran amfanin ɓoye-ɓoye, na fara yi masa bayanin abin da ke silin ina zaɓar kalmomi. Ya katse ni ya ce, "Riƙe bayaninka. Jarka ta uku daga hagu, mai jan ƙyalle, waken gidana ne." Shi ya riƙe mini tebur na hau.

Komai yana nan. Na Mati yana nan, ƙunshi uku, ba a taɓa ba. A ƙarshen katakon, inda na Malam yake rataye tun kaka, igiya ce kawai. Geron da ake zaɓa tun zamanin mahaifinsa ya tafi a tuwon gida uku.

A nan na yi kuka, kaina a cikin silin, ƙafafuna a kan kujera, Firinsifal yana riƙe da tebur. A maƙabarta ban yi ba, a zaure ma ban yi ba. Sannan na sauko na wanke fuska saboda ƙaiƙayi.

Mati yana jirana a waje. Ya ce in sauko da nasa yanzu, duka, a kai wa Inna Hajara. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sai ruwa ya sauka." Ya dube ni. Ni ma na ji yadda maganar ta fita, da muryar Malam, ban san ina da ita ba.

Abin da muka tsayar da Firinsifal da Liman shi ne, ranar da aka buɗe ƙofa za a ajiye ƙwarya a bakin aji. Wanda ya ga dama ya zuba abin da ya sauwaƙa daga nasa, ba mai kallon hannun wani. Ba taimako nake nema a nan ba, kada kowa ya turo komai. 'Ya'yan Malam, na san za ku karanta wannan kafin in sami bakin faɗa muku. Ku yi haƙuri, ku zaɓi lokacin da za ku gaya wa Inna.

Gonarsa bana gauraye za ta fito, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani yana ɗanye. A bakin hanya take, kowa zai gani. Da yana nan da ya girgiza kai.

'Yan'uwana malamai masu irin wannan allo, tunda kun sha tambayata a gurup: in saiti yana yawan zamewa, kafin ku zargi waya ko manhaja ku duba abin da majigin yake maƙale da shi. Bayanin da na yi muku wancan karon ba daidai ba ne, jinjinar ma ba tawa ba ce. Ƙungiya kuma in ta ga wannan ta turo mai bincike, ina nan, ni zan riƙe masa tebur.

Kafin in rufe ajin na sauya batirin rimot. Na kunna allo na ja layi ɗaya, ya fito daidai ƙarƙashin yatsana.

Gabas ta ɗan yi duhu da la'asar, iska ta watsa shi. Masu sani sun ce da saura, wataƙila sati biyu, wataƙila fiye. Ina kulle ƙofa na hango mutum biyu tsaye gindin darbejiya, kuma ba ta'aziyya ce ta kawo su ba. Na gaishe su, na ce yau ranar makoki ce. Suka ce haka ne, suka tafi. Gobe ba ni da wannan uzurin.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya ciyar ya riga shi isa can. Allah ya ba Inna Hajara da yaran haƙuri, ya sa albarka a abin da za a zuba a ƙwaryar nan. Mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku. In kun gama tasa, ku roƙa mana ruwa da wuri. Mukullan biyu suna aljihuna yanzu, allon ba ya rufa wa kowa asiri, ni kuwa ban san ko ina da taurin ransa ba.